Jawabin maraba ga Baba Bishop da ya zo mana daga Ghana

Salama a gare ku cikin sunan Ubangiji. Baba Bishop, ranka ya dade, sannu da zuwa, sannu da hanya, mu 'yan sashen Hausa na wannan ikilisiya a Legas yau bakinmu har kunne.

Baba, ba za mu kira ka bako ba gaskiya, domin ta wajenku aikin Methodist ya shigo kasar nan. Ran 24 ga Satumba 1842 Thomas Birch Freeman ya sauka a Badagry nan kusa da mu daga Cape Coast ta can kasarku Ghana, tare da mataimakinsa William de Graft da matar de Graft din. Shi Freeman haifaffen Ingila ne a 1809, uba bakar fata uwa Baturiya, kuma aikin lambu yake yi kafin ya shiga mishan.

Amma ni abin da ya fi taba min zuciya matan gidan ne, wadanda ba a cika fadin sunansu ba, Zumuntar Mata ku saurara da kyau. Freeman ya iso Cape Coast a Janairun 1838 da amaryarsa Elizabeth, ya tarar wanda ya zo taimakawa ma ya riga ya rasu, zazzabi ya kwantar da shi ita ce ta yi ta jinyarsa, shi ya tashi ita ta tafi, ko wata biyu ba ta cika a kasar ba. Ya sake aure, Lucinda ma a 1841 aka binne ta. Da nine kam da na tattara komatsaina na koma gida, kar in yi muku karya a gaban Baba. Shi kuwa a tsakanin rashin nan biyu ya taka har Kumasi a 1839 wajen Sarkin Ashanti Kwaku Dua, bayan an shanya shi makonni a Fomena yana jiran izini.

Sai a 1854 ya auri Rebecca Morgan, 'yar kabilar Fante, da ita ce gida ya zauna, har dansu mai sunan uban ya shiga aikin bishara. An dan samu sabani da mishan kan kudi ya ajiye aiki a 1857, ya dawo a 1873, ya rasu a Accra a 1890.

Baba, in ka koma ka gaishe mana da 'yan'uwa na Cape Coast. Yanzu kwaya za ta yi mana waka daya, sannan mu mika maka makirufo.