Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Lafiya na Jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, daga Kwamitin Cibiyar Lafiya ta Unguwarmu a Mai Wurno

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Aikinka ya riga ka isowa, ba sai mun tsaya lissafa shi ba. Kafin a kawo shayi ga buƙatarmu: tukunyar tururin da ke kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan aikinmu tana neman sabuwar robar ƙofa da na'urar yin tataccen ruwa.

Garin da ka taka yau na masu hijira ne. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a gabas har suka yada zango a bakin Shuɗin Kogin Nilu. Mun riga madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925, zama a nan. Iyayenmu sun tsinci auduga a gonakin yankin Jazira, sun ciyar da alhazan ƙasa masu wucewa Makka. Amma in an zo rabon kayan asibiti, mu ne a wutsiya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 masu haihuwa da masu rauni suka ƙaru, tukunya kuwa ɗaya ce tal.

Tafasa kaya a ruwa ba ya wadatarwa, ranka ya daɗe. Ruwa yana tsayawa a digiri 100, kuma ƙwayar cutar sarƙe-haƙora tana iya tsira daga wannan zafi. Tukunyar nan tana kulle tururi har ya kai digiri 121, matsi ya kai awo ɗaya na 'bar' a kan ma'auni, a riƙe shi minti 30 in kayan a naɗe suke, minti 20 in a buɗe. Almakashi da hantsakin da ungozoma ke yanke cibiya da su sai sun bi ta nan.

To roba ta tsufa, ta tsattsage. Tururi na tsiyaya ta gefen ƙofa, allurar ma'auni ta hau ta kasa tsayawa, sai a sake lissafin lokaci daga farko. Ma'aikatanmu ba sa sakaci. Kullum suna goge robar da bakin ƙofa da tsumma mai laima, suna cire zare da audugar da ke toshe matacin magudana. Kowane mako a zubar da ruwan ciki, a wanke tire. Suna jera kaya da tazara, almakashi a buɗe, su bar iska ta fita sarai kafin matsi ya hau, don inda iska ta maƙale tururi ba ya shiga. Ƙunshin da ya fito a jiƙe ba a amfani da shi. Sai dai roba aba ce mai ƙarewa, a ƙa'ida kusan shekara-shekara ake canza ta, waɗanda suka kawo tukunyar kuwa ko ɗaya ba su bar mana ta ajiya ba.

Ruwa shi ne ɗaya ciwon. Tataccen ruwa take sha, irin na batir. Ruwan kogi da damina laka ne, na rijiya kuma yana barin farin ɓawo irin na gindin butar shayi. Ɓawon yana lulluɓe ƙarfen dumama ruwa har ya ƙone, yana toshe ƙananan bututu, yana daskarar da bawul ɗin tsaro. Wannan bawul shi ke sakin tururi in matsi ya wuce kima. In ya cije, rai ne a bakin ƙofar.

Ba sabuwar tukunya muke roƙo ba, ta nan lafiyarta lau in an kula da ita. A ba mu robar ƙofa biyu daidai da lambar tukunyar, don ta wata ba ta zama. A ba mu na'urar tataccen ruwa. In da hali, a ƙara da na'urar daidaita wutar lantarki, da tef mai canza launi, da kwalaben gwajin ƙwayoyin cuta na mako-mako, domin tef yana nuna zafi ya taɓa ƙunshi ne kawai. A kuma turo makaniki ko sau ɗaya a shekara ya gwada bawul da ma'auni.

In duka ba za su samu yanzu ba, ranka ya daɗe, a fara da robar. Mun rubuta lambarta a bayan wannan takarda.

Allah Ya ja zamaninka, Ya mai da kai gida lafiya.

Kwamitin Cibiyar Lafiya