Jawabin Maraba Ga Mai Girma Minista A Wajen Baje Kolin Masaƙa Na Maraɗi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Minista, mai girma Gwamnan jahar Maraɗi, wakilan iyayenmu sarakunan Katsinar Maraɗi da Gobir ta Tibiri, dattawanmu masaƙa, ƴan uwa maza da mata.

Da sunan masu sana'ar hannu na wannan gari nake yi maka barka da zuwa. Sannu da hanya, Allah ya huce gajiya.

Ranka ya daɗe, babban baƙo in ya sauka Maraɗi, wurin dukawa ake fara kai shi ya ga aikin fatar jar akuya. Yau rumfar masaƙa muke so ka fara da ita, domin wata ɗiyarmu, jikar masaƙi, ta shigo mata da kwamfuta.

Takan raba allon na'urar gida-gida, kowane gida mahaɗar zaren tsaye ne da na kwance. In ta gama zane sai ta yanka shi ƙwarya-ƙwarya, daidai da faɗin abin da masaƙarmu ke fitarwa, kamar tafin hannu, don adon ya haɗu cif idan aka ɗinke. Sannan ta buga a takarda ta kai wa kakanta. Tsohon ya ƙirga zare, ya taka, ya jefa ƙoshiya. Shi ya nuna mata cewa shuɗin da allo ke haskawa daban, wanda baba ke bayarwa a marina daban, yanzu da zaren da ke hannu take zaɓen launi. Abin da ya fi burge ni kuwa, tana bin gidaje tana ɗaukar hoton tsoffin luru da gwado da saƙi, tana ajiye lissafin kowane ado, lissafin da a da sai a kan dattijo ake samunsa.

Kada wani ya ce baƙon abu aka haɗa da gado. A 1804, a birnin Liyon na Faransa, wani mai suna Jacquard ya ƙera masaƙar da kati mai huji ke gaya wa zaren da za ta ɗaga, daga nan kuma Babbage na Ingila ya ari dabarar don injinsa na lissafi, kakan kwamfuta.

Kukanmu, ranka ya daɗe: zare ya yi tsada, yara suna gudun wadari, yadin inji mai araha ya cika kasuwa. Muna roƙon ɗaki mai wutar hasken rana da kwamfutoci kusa da rumfar nan. Muna kuma neman a taimaka mana mu yi rajistar zanunukanmu a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka da ke Yawunde, wadda Nijar ke ciki, kafin wani ya kwafe su daga intanet ya buga a atamfa ya kawo ya sayar mana.

Allah ya ƙara girma, ya maishe ka gida lafiya. Bisimilla, masaƙa suna jira.