Sharhi: Littafin Awon Ruwa a Walkerton

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Walkerton ƙaramin gari ne a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, mazaunansa ba su wuce 5,000 ba. A watan Mayun shekarar 2000, ruwan famfon garin ya kwantar da mutum kusan 2,300, bakwai suka riga mu gidan gaskiya. A Kanada fa, ba a sansanin gudun hijira ba.

Ga yadda abin ya faru. An tafka ruwan sama na kwanaki, ya wanke kashin shanun da aka zuba a wata gona a matsayin taki, ya sirara da shi cikin rijiya mai lamba biyar, wadda ba ta da zurfi. Da haka ƙwayar cutar E. coli ta shiga bututun gari. Duk wanda ya ga yadda ruwan farkon damina ke kwaso dattin unguwa ya san wannan ba sabon abu ba ne. Shi ya sa ake zuba sinadarin kulorin, kuma ake auna ragowarsa a cikin ruwa kowace rana. Idan ragowar ta ɓace, to ƙazanta ta fi ƙarfin maganin, sai a rufe rijiya.

A Walkerton akwai littafin rubuta wannan awo, kuma kullum cike yake. Sai dai wasu 'yan'uwa biyu da ke tafiyar da hukumar ruwan garin sun shafe shekaru suna cika shi da lambobin da babu wanda ya auna. Ba wai sun yi nufin kashe kowa ba ne. Sun yarda ruwan ƙasa tsarkakakke ne, su da kansu suna shan sa ba magani. A ganina wannan sakankancewar ta fi ban tsoro, domin ido ba ya ganin E. coli, ruwan kuwa garau yake a kofi.

Ranar 17 ga Mayu sakamakon gwaji ya nuna cutar. Ɗakin gwajin mai zaman kansa ne, tun da gwamnatin lardin ta janye hannunta daga wannan aiki a 1996, kuma a lokacin babu dokar da ta tilasta masa sanar da jami'an lafiya. Manajan ruwa, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu, aka aika wa sakamakon, shi kuma ya ja bakinsa ya yi shiru. Yara na ta gudawa da jini, jami'an lafiya suka tambaye shi, ya ce ruwa lafiya lau. Sai ranar 21 ga wata aka umarci jama'a su riƙa tafasa ruwa. Ku yi tunanin uwar da ɗanta ke zawo, tana ɗura masa ruwan famfo don kada jikinsa ya bushe.

Mai shari'a Dennis O'Connor, wanda ya jagoranci bincike, ya ce da an sanar da jami'an lafiya tun ranar 17, da mutum 300 zuwa 400 sun tsira daga cutar. Bai tsaya kan ma'aikatan kaɗai ba, ya ɗora wa gwamnati nata kason laifin saboda zaftare kuɗin sa ido. Manomin kuwa ya wanke shi, domin ya bi ƙa'ida.

A 2002 Ontariyo ta kafa dokar tsaftar ruwan sha, wadda ta wajabta wa ɗakin gwaji ya kira hukumar lafiya kai tsaye da zarar ya ga cuta. A 2004 kotu ta ɗaure manajan shekara guda, ɗan'uwansa kuma wata tara na ɗaurin talala a gida.