Inda Za a Koyi Gyaran Rumbun Bayanai Idan Ya Fara Nauyi

Assalamu alaikum, masu kallo. Mu ƙaddara yau Lahadi ce, kasuwar Gujungu tana ci, kuma manoman riɗi sun yi layi a ofishin ƙungiyarsu domin karɓar taki. Matashin da ke riƙe da rijistar yana zaune gaban wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ake yi wa caji da sola. Wani dattijo ya faɗi sunansa, yaron ya rubuta ya danna, sai allon ya tsaya cik, har ya ce, "Baba, a yi haƙuri, tana zuwa." Bara da sunayen ba su da yawa, kafin ƙiftawar ido take ba da amsa. Galibi ba injin ne ya tsufa ba. Rumbun bayanan, wato manhajar da ke ajiye sunayen a jadawali, shi ne yake bin layi ɗaya bayan ɗaya tun daga farko har ƙarshe, domin ba a yi masa fihirisa ba.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya san fihirisar littafi, wadda ke nuna maka shafin da babin yake ba tare da ka buɗe kowace takarda ba. Irinta ake ginawa a rumbun bayanai, kuma mafi yawanta tana bin tsarin da ake kira B-tree, wanda Rudolf Bayer da Edward McCreight suka fito da shi a 1970 suna aiki a kamfanin Boeing na Amurka. Da wannan tsari, ko layuka sun kai miliyan ɗaya, hawa 3 ko 4 kawai injin zai sauka ya iske abin da ake nema.

Wurin da nake fara tura duk mai son koyo shi ne shafin Use The Index, Luke, wanda Markus Winand na ƙasar Ostiriya ya rubuta, kuma kyauta ne a intanet. Na fifita shi domin masu rubuta manhaja aka yi wa shi, kuma yana nuna misali guda a manhajojin rumbun bayanai irin su PostgreSQL da MySQL da Oracle da SQL Server. A can ne za ka fahimci abin da ya fi wahalar da masu farawa, wato jerin gurabe a fihirisa mai haɗe. Idan ka gina ta a kan ƙaramar hukuma, sannan mazaɓa, sannan suna, za ta yi maka aiki sosai in ka nemi manoman ƙaramar hukumar Taura, ko na wata mazaɓa a cikin Taura. Amma in suna kaɗai ka ba ta, yawanci ba za ta amfane ka ba, kamar mai neman wani Malam Audu ne a rijistar da aka jera gari-gari alhali bai san garinsu ba. Haka kuma in ka nemi ƙarshen suna maimakon farkonsa, ko ka sa injin ya mayar da haruffa ƙanana kafin ya kwatanta, fihirisar da ka gina a kan sunan za ta zauna a banza.

Na biyu, littafin jagora na PostgreSQL kansa. Babi na 11 yana magana a kan fihirisa, na 14 kuma a kan sauri da yadda ake karanta umarnin EXPLAIN. Ana iya sauke shi gaba ɗaya a PDF, abin da ke da muhimmanci ga mu da sabis ke ɗaukewa da zarar hadari ya taso.

Wannan umarni na EXPLAIN shi ne malamin da ya fi kowane littafi a wurina, domin shi ke faɗa maka hanyar da injin ya yi niyyar bi. In ka ga Seq Scan, jadawalin gaba ɗaya zai karanta. In ka ga Index Scan, ya bi fihirisa. Ba kullum na farkon yake zama laifi ba, don a ƙaramin jadawali karanta komai ya fi sauƙi. A kula da kyau: EXPLAIN ANALYZE yana aiwatar da umarnin da gaske, saboda haka in na gogewa ne ko na canji, a fara da BEGIN a rufe da ROLLBACK, wanda ke mayar da komai yadda yake, kada bashin manoma ya ɓace a wajen gwaji.

Mai son sanin cikin injin ya nemi laccocin Andy Pavlo na Jami'ar Carnegie Mellon a YouTube, kwas mai lamba 15-445. Suna da tsawo kuma suna cin data, don haka a sauke su ranar da aka shiga Dutse ko Kano aka samu sabis mai ƙarfi.

Rashin kwamfuta ma ba ya hana farawa. SQLite, wani ƙaramin rumbun bayanai wanda Richard Hipp ya fitar a 2000, yana cikin kowace wayar Android, kuma da manhajar Termux za ka iya buɗe shi ka yi amfani da EXPLAIN QUERY PLAN, umarninsa mai nuna hanyar da injin zai bi. Ka cika jadawali da sunayen gwaji masu yawa, ka auna lokacin nema, ka gina fihirisa, ka sake aunawa. Sannan ka auna lokacin shigar da sababbin sunaye, domin kowace fihirisa sai an sabunta ta duk sanda aka ƙara layi, kuma tana cin wuri. A rijistar taki irin ta wancan ofishi, lambar mamba da suna da mazaɓa su ne abin da ake nema kullum, kuma da su za a fara gwajin.