Zaman Saudiyya: Abin da Ejan Ba Ya Faɗa Maka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyayenmu, 'yan uwa mata da ke can baya, ina fata kuna jina. An ce in yi magana a kan zaman ƙasar waje da wahalhalunsa. To, ƙasar waje da faɗi take, ni kuwa Saudiyya na sani, a can na zauna na nemi abinci, don haka a nan zan tsaya. Kuma da wuya a ɗakin nan a sami wanda ba shi da ɗan uwa a Jidda ko Makka ko Madina.

Hanyar tsohuwa ce. Kakanninmu sun bi ta da ƙafa, ta Chadi da Sudan, su haye Bahar Maliya daga Sawakin, wasu su yi shekaru kafin su ga Ka'aba. Jikokin wasunsu 'yan ƙasa ne yau, za ka ji sunan mutum ya ƙare da Hausawi ko Barnawi ko Fallata. Sai dai su sun shiga a zamanin da ba a tare mutum a titi a ce ya fito da kati. Yanzu kuwa igama, wato katin izinin zama, ita ce komai. Ba ka buɗe asusun banki sai da ita, ba ka kama haya, ba ka sa yaro a makaranta, inshorar asibitinka da layin wayarka duk a kanta suke rataye. Kuma ba kai ke sabunta ta ba, kafilinka ne, wato wanda ya ɗauko ka aiki. Idan ya yi sakaci ta mutu, kai ne askarawa, wato 'yan sandansu, za su tare a hanya.

Wani zai ce ai an soke tsarin kafili. Ku saurara da kyau. A watan Maris na 2021 gwamnati ta yi sauƙi: ma'aikacin kamfani, idan ya cika sharuɗɗa, yana iya sauya wurin aiki ko ya nemi bizar fita ba sai maigidansa ya yarda ba. Amma wancan sauƙin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da masu lambu da makiyaya ba. To ina tambayarku, 'ya'yanmu mata da ake kwasa daga Kano da Katsina da Maraɗi, wane aiki suke zuwa yi? Aikin gida ne, wanda a can ake ce wa mai yinsa shagala.

Bari in kwatanta muku yadda abin yake faruwa, don na ga irinsa ba sau ɗaya ba. Ejan ya ce wa yarinya gida ne na mata da miji da yaro ɗaya. Ta sauka, aka ɗauko ta daga filin jirgi, tun a mota uwar gida ta miƙo hannu ta karɓe fasfo, wai za ta adana mata. Ta iske gida hawa uku, ga tsohuwa a kwance da za a riƙa juyawa ana wankewa, ran Juma'a kuma a kai ta gidan surukai ta yi musu shara. Da azumi ba ta kwanciya sai an gama sahur. Larabcin da ta iya na Islamiyya ne, su kuwa Larabcin gida suke yi, ana ce mata ta kawo abu tana kawo wani, ana daka mata tsawa. Wata ya ƙare, albashi shiru. Wata na biyu a ce mata bukra, wato gobe, in sha Allah. Sai wata 'yar garinsu ta kira ta a waya ta ce, "Ke, fito kawai, a waje an fi samu." Ranar da ta tsallake ƙofar nan, kafili zai shiga wayarsa ya yi mata hurub, wato ya sanar da hukuma ta gudu. Shi ke nan, haƙƙinta ya yi wuyar karɓuwa, ita ce kuma ta zama mai laifi. Ƙarshen irin wannan tafiya sau da yawa gidan tarhil ne na Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, inda ake tsare waɗanda za a kora ƙasarsu, a ɗauki hoton yatsunta, a sako ta a jirgi da kayan jikinta, a hana ta komawa.

Abin takaicin, doka tana bayanta kafin ta fita. Dokar ƙasar ta hana riƙe fasfon ma'aikaci. Kwantiragin masu aikin gida yana bi ta manhajar Musaned, akwai kuma inda ake kai ƙara a ma'aikatar ƙwadago. 'Yan Najeriya muna da ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda. Ba na ce da an je ake share hawaye nan take ba, a'a, akwai jira, akwai je-ka-ka-dawo. Amma wadda ta kai ƙara da hoton kwantiraginta a waya, da wadda aka kamo a titi, ba matsayinsu ɗaya ba.

Maza kuma kar ku yi dariya, naku tarkon shi ne bizar da ake ce wa hurra. Ka biya miliyoyi, kafili ya sake ka ka nemi aikinka, kana ba shi kasonsa. A doka babu wata biza mai wannan suna. Duk wanda aka samu yana aiki a wurin da ba na kafilinsa ba, kamawa ne. Haka wanda ya shiga da bizar Umara ya maƙale ya zama takari. An yi gagarumin kame a 2013, aka sake a 2017. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne yaran da aka haifa a irin unguwannin Shara Mansur na Makka ba takardar haihuwa: Saudiyya ba ta san da su ba, garin iyayensu kuma ko hanyarsa ba su sani ba.

Sai maganar kuɗi. Riyal 3.75 ne dala ɗaya, haka yake tun 1986, shi ya sa na gida da ya ji albashinka sai ya buga da naira ya ga ai ka zama Alhaji. Ba ya buga haya da abinci. Mai iyali kuwa, tun Yulin 2017 aka sa masa kuɗin kai a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, riyal 100 a wata, yana hawa har ya kai 400 a 2020. Mata ɗaya da 'ya'ya uku, riyal 1,600 ke nan duk wata, kafin a sayi shinkafa. A shekarar 2020 ɗin dai harajin sayayya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Na san magidanta da dama da suka maido iyalansu gida dole, suka koma kwanan ɗakin gwauraye, waya kuma ba ta fasa ƙara ba: suna, biki, kuɗin makaranta, rufin ɗakin Inna.

Saƙo a filin jirgi, don Allah kar ku karɓa, ko na waye. Kun tuna ɗalibar nan da aka kama a ƙarshen 2018 saboda jakar Tramadol da wasu suka maƙala wa sunanta a Kano. Sai a Afrilun 2019 aka sake ta, bayan an gano masu laifin. Safarar ƙwaya a can hukuncinta yana kaiwa ga kisa. Ko goro ma an sha gargaɗin alhazai kar su ɗauka.

Dawowar ma sai da shiri. Ba a buga maka bizar fita ta ƙarshe alhali akwai tarar hanya a kanka ko mota da sunanka. Kuma ma'aikacin kamfani yana da kuɗin sallama a doka: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan, ko da yake ana ragewa idan kai ka ajiye aikin da kanka. A karɓe shi kafin a sa hannu a takardar da ke cewa ba ka bin kowa komai, domin da zarar jirgi ya tashi, bin bashi daga Kano sai dai a waya.