Daga Wapa: Tsadar Rayuwa da Tsaro Tsakanin Kano da Maraɗi

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Ina magana da ku ne daga Wapa, cikin unguwar Fagge, inda 'yan canji suke zaune a kan benci suna ɗaga wa duk mai wucewa hannu. Ni haifaffen Maraɗi ne, kuma tun shekarar 2019 nake zaune a Kano, ina sarin atamfa a Kantin Kwari ina turawa gida. Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku, musamman daga ƙannena na Maraɗi da Damagaram, ita ce tsakanin Nijar da Najeriya ina rayuwa ta fi sauƙi, kuma ina mutum ya fi barci da kwanciyar hankali.

Ku dubi wannan takarda da ke hannuna, jaka goma ce ta sefa, wato sefa dubu goma. Shekarar da na zo, idan na miƙa ta a wannan layi, abin da za a ƙirgo mini bai kai naira dubu bakwai ba. Yanzun nan Alhajin da ke bayana ya lashi yatsa ya ƙirgo mini sama da naira dubu ashirin, har da sa roba ya ɗaure. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Ita kuwa naira, tun da gwamnatin Tinubu ta sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023, sai ta yi ta gangarawa. Saboda haka ɗan Nijar da ya shigo Kano da sefa a aljihu yana ganin komai araha ne, ya ci shinkafa da miya da nama, ya hau adaidaita sahu, ya kama ɗaki, ya koma gida yana ba da labarin cewa Kano banza ce. Amma maƙwabcina malamin makaranta, wanda albashinsa naira ne, idan ya ji wannan magana sai ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, domin a watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kuma kwanon shinkafar da baƙo yake kira araha shi ne yake cinye masa kuɗin wata tun kafin a kai tsakiyarsa.

A takarda ma haka abin yake. Mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 ne, na Nijar kuma sefa 42,000, wanda idan aka canza shi a nan Wapa ya zarce na Kano nesa. To amma kada wannan ya ruɗe ku. Nijar ba ta da teku, kuma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da iyakarmu da Benin ta kasance a rufe, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji, kuma kowane kwana da mota ta ƙara a hanya mai saye ne yake biyansa. Shi ya sa har gobe taliya da sabulu da robobin da ke shagunan Maraɗi yawancinsu daga kasuwar Singa da Sabon Gari ake lodinsu.

Man fetur ne ya fi ba ni mamaki. Mun taso muna ganin ruwa-ruwa, man Najeriya da ake fasa-ƙwaurinsa ana jera shi cikin kwalabe a bakin titi, ya fi na gidan mai araha, duk da muna da matatarmu ta SORAZ a Damagaram tun 2011. Da aka cire tallafi a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, sai wannan rijiya ta soma ƙafewa, kowa ya koma gidan mai, har aka yi dogayen layuka a Nijar a watan Maris na 2025. Ashe tsawon shekaru gwamnatin Najeriya ce take tallafa wa 'yan kabu-kabunmu ba mu sani ba.

Batun tsaro kuwa, da jikina na koye shi. Wata rana bayan sallar isha'i ina cikin adaidaita sahu, na fito da waya zan amsa kiran mahaifiyata, sai wani yaro da bai wuce shekara goma sha bakwai ba ya leƙo a daidai inda direba ya rage gudu, ya nuna mini makamin nan da ake kira ɗan buda, ya ce, "Yallaɓai, kawo." Na miƙa masa da hannu biyu. Dattijon da ke kusa da ni ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ka gode wa Allah, waya ake sayarwa a Fam Santa, ba a sayar da rai." Ban kai ƙara ko'ina ba, kuma cikin abokaina da aka yi wa irin wannan babu wanda ya kai. Wannan ne ya sa nake ja baya idan aka nuna mini jadawalin laifuffuka a intanet ana cewa wannan ƙasa ta fi waccan, domin jadawali abin da aka rubuta a ofishin 'yan sanda kaɗai yake ƙirgawa, kuma mutanenmu a ƙasashen biyu sun fi kai kukansu wurin mai unguwa, ko su bar wa Allah.

A cikin garin Maraɗi ban taɓa ɓoye waya a safa ba, kuma faɗan daba irin na wasu unguwannin Kano, inda matasa ke fitowa da adduna, ba mu saba da shi ba. A wannan fanni gida ya fi, ba na musu. Amma ku fita daga gari ku nufi ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji da ke bakin iyaka, ku ji yadda 'yan bindiga suke kore shanu suna ɗaukar mutane don kuɗin fansa, su ne dai waɗanda suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato, domin daji bai san shingen kwastan ba. Ga kuma Tillaberi da Diffa, inda abin ya wuce sata ya zama yaƙi. A Kano abin da nake tsoro shi ne wayata da dare. A kan hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa kuwa kaina nake tsoro, shi ya sa ba na yarda la'asar sakaliya ta same ni a wannan hanya.

Ƙanena da ya rubuto yana son ya zo, amsata gare ka ita ce idan sari za ka yi ka sayar da kayan a kuɗin sefa, ka taho gobe, ni zan tarbe ka a tasha. Idan kuwa aikin albashin naira kake nema don ka riƙa aika wa Inna, ka tuna cewa sai ka tara sama da dubu ashirin kafin ta karɓi jaka goma a Maraɗi. Bari in mayar da wayar nan aljihu, zan ratsa cunkoso zuwa Kwari kafin a rufe shaguna.