Cin Ranin Masu Tseren Ƙanƙara

BINTA: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Binta ce daga birnin Katsina. Tare da ni akwai Kawu Lawal, wanda ya shekara 30 yana koyar da motsa jiki a makaranta, da ƙanena Auwal mai koya wa yaran unguwa ƙwallo. Kawu, ya aka ji da ruwa?

KAWU: Ruwa ya yi gyara, 'yata. Gero har ya fara ɓoye kaza.

BINTA: Madalla. Makon jiya yayanmu da ke Amurka ya turo mana bidiyo. 'Yarsa ce mai shekara 12, da hular kwano da tabarau, ƙafafunta ɗaure a kan allunan zamiya, tana gangarowa kan dusar ƙanƙara tana kewaye sanduna ja da shuɗi. A watan Yuli fa! Na ce, Yaya, tsohon bidiyo ne? Ya ce ɗazun nan aka ɗauka, kuma a gindin dutsen mutane da singileti suke yawo.

AUWAL: Abin da ya ɗaure min kai ke nan, Yaya. Lokacin zafinsu ne, ina suka samo ƙanƙara?

BINTA: A kan dutsen Hood da ke jihar Oregon, tsayinsa ya haura mita 3,400. Can sama akwai filin da ake kira Palmer, ƙanƙararsa kan jure har tsakiyar zafi. Nan ake buɗe sansanonin horo, yara su yi mako guda ko biyu. Turai ma haka: Zermatt da Saas-Fee a Suwizalan, Hintertux a Ostiriya. Manyan 'yan wasa kuma sukan tsallaka Chile ko Ajantina a watan Agusta, don a kudancin duniya hunturu ake yi a lokacin.

KAWU: Ashe cin rani suke tafiya. Mu idan ruwa ya ɗauke sai a gangara fadama ko bakin dam ɗin Jibiya a yi noman rani. Su kuma ƙanƙara ta ɗauke, sai su bi ta inda ta maƙale.

AUWAL: To amma Kawu, me ya hana su huta? Ai gasa ta ƙare tun Maris.

KAWU: Nan ne gizo ke saƙar, Auwalu. Lokacin gasa ba a gyara ɗan wasa. Yaron da ke da tsere ranar Asabar ba zai yarda ka taɓa masa tsayuwa ranar Laraba ba, don sabon salo sai ya fara rage maka gudu kafin ya ƙara maka. A watannin da babu alƙali, babu kofi, nan ne zai faɗi sau goma bai ji kunya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gasar duniya tasu a ƙarshen Oktoba take buɗewa a Solden ta Ostiriya, wanda bai gyaru kafin nan ba ya makara.

BINTA: Abin da yarinyar ta faɗa min ke nan. Kwana uku na farko ko sanda ɗaya ba a kafa musu ba. Aka karɓe sandunan hannunsu, aka ce su gangara a hankali, wani zubin ma da ƙafa ɗaya, har sai nauyin jiki ya koyi zama a kan ƙafar waje idan za a sha kwana. Ta ce har kuka ta yi, ita gudu ta zo yi.

AUWAL: Yaya tsarin yinin yake?

BINTA: Tashin asuba. Kafin rana ta yi ƙarfi suna kan dutse, don da hantsi ya dubi ludayi ƙanƙarar ta fara zama kamar kunu. Kuma ku ji wani abu, gishiri ake watsa mata.

KAWU: Gishiri? Na ɗauka narkar da ita yake yi.

BINTA: Yana narkar da 'yar ta sama, Kawu. Narkewar ce ke zuƙe ɗumin da ke cikin jiƙaƙƙiyar dusar, sai ta daskare ta yi tauri, allon ya sami abin kamawa. Kafin azahar an sauko. Da yamma sai atisaye a ƙasa: keke, tsalle-tsalle, tafiya a kan igiya don daidaita jiki. Da dare koci ya kunna bidiyon kowa, ya tsayar da hoton daidai kan kwana, ya ce dubi inda kafaɗarki ta karkata.

KAWU: Wannan na ƙarshen ya burge ni. Sai dai ina da damuwa. Gwiwar yaro ba ta gama ƙwari ba, kuma jijiyar gwiwa ce wannan wasa ya fi tsinkawa. Ga ƙarancin iska a can sama, ga rana da ƙanƙara ke maido wa fuska. Yaron da aka hana hutu shekara zagaye, kafin ya kai 16 zai iya tsanar wasan. Na ga haka da idona a 'yan gudu.

AUWAL: Ni kuɗin ne ya tsaya min a rai. Jirgi, masauki, koci, kuɗin hawa dutse. Yayanmu na Amurka ya ce shekara guda ya yi yana tara kuɗin. Ɗan da ubansa ba shi da hali fa? Ya dawo hunturu ya tarar sa'o'insa sun yi masa nisa, ba don sun fi shi baiwa ba.

BINTA: Kuma wuraren raguwa suke yi. A ƙarshen Yulin 2022 zafi ya sa Zermatt ta dakatar da zamiyar bazara. Wasu duwatsun har farin bargo ake lulluɓa musu, kamar yadda masu sayar da ƙanƙara ke rufe ta da buhu a watan azumi. Shi ya sa wasu ke komawa rufaffen ɗaki mai sanyi da aka shimfiɗa wa dusar ƙanƙara, irin na Landgraaf a Holan. Kwame Nkrumah-Acheampong na Ghana a irin wannan ɗakin ya koya a Ingila, kuma ya je gasar Olamfik ta Vancouver a 2010.

KAWU: Bari in faɗa muku abin da har yau yake ci min rai. Na taɓa samun yaro ɗan aji biyu, a mita 400 ban ga kamarsa ba. Aka yi dogon hutu, na nemi a ba ni fili da kuɗin koko da ƙosai na mako biyu in riƙe su shi da 'yan uwansa biyar. Ba a ba ni ba. Ya koma tura baro a kasuwa, da aka dawo makaranta bai dawo ba. Ƙanƙara ba ta dame ni ba, Binta, mu ba mu da ita. Wannan mako biyun nake wa kuka.

AUWAL: Kawu, hutu ya rage saura wata guda. Yarana 18 ne. Zan dakatar da wasan unguwa da unguwa na mako biyu, mu riƙa fita bayan sallar asuba zuwa ƙarfe tara. Ƙafar hagu zalla a kwanakin farko. Yaya Binta ta ɗauke su a waya, da yamma mu kalla a zaure.

KAWU: Ka fara neman izinin iyayensu, gida-gida, kuma ka bar musu Juma'a. Wanda zai je gona a sallame shi da wuri. Usur ɗina da agogon gudu suna nan cikin akwati, zan zo da su ranar Asabar.

BINTA: Koko da ƙosan kuma a bar min. Masu sauraro, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.